Filin Awon da Baba Ya Shayar

Shekarar da sojoji suka koma bariki aka miƙa mulki ga farar hula, ni ba siyasa ce a gabana ba. Abu biyu ne suka tsaya min a rai: digirina na biyu da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, da mahaifina da ya daina fita daga gida.

Gidanmu a Makera yake, kudu da kogin Kaduna. Tun ina ƙarama jiniyar masaƙun Kakuri ce agogonmu. Idan ta yi kuka da safe, titi ya cika da kekuna, maza na tafiya shif, wato karɓar aiki a masaƙa, suna ƙwala wa juna kira da Hausa da Turanci da yarukan da ban iya ba. Baba yana cikinsu. Ya fi shekara ashirin a ɗakin boila, wato babbar tukunyar da ke dafa tururin da masaƙa ke aiki da shi. Aikinsa shi ne ya duba mitoci kowace awa, ya rubuta abin da ya gani a cikin wani ƙaton littafi. Mutum ne da ko gyaran keke ya yi sai ya rubuta ranar. Mama takan ce da za a ba shi dama, da ya rubuta yawan loma da kowa ya yi a gidan.

Da aka fara rage ma'aikata, sunansa ya fito a cikin takarda. Ya dawo gida da rana tsaka, abin da bai taɓa yi ba, ya jingine kekensa a zaure, ya shimfiɗa tabarma. To, tabarmar nan ita ta zama ofishinsa. Ya rungumi rediyo yana sauraron 'yan takara suna rantsuwa cewa da zarar sun hau, injinan saƙa za su dawo aiki kamar da. Duk ranar Asabar yakan sa a goge masa kakinsa na aiki, a rataye. Daga masallaci sai tabarma, daga tabarma sai masallaci. Ni ce babbar 'yarsa, sunan mahaifiyarsa aka sa min, don haka Uwata yake kirana. Idan na zo hutu daga jami'a na gan shi zaune a wurin nan, ya rame, muryarsa ta yi ƙasa, sai in ji kamar in fasa ihu. Ina da saurin fushi tun fil'azal, kuma abin da na fi tsana shi ne abin da ba ni da wanda zan yi wa faɗa a kansa.

Aikin da nake yi a jami'a kuwa, duk wanda na yi wa bayani a unguwa sai ya dube ni da tausayi. Akwai wata iska da ake kira iskar kabon, ita ce muke fitarwa idan mun yi numfashi, ita ce kuma ke fita daga bututun masaƙa da bayan mota. Bishiyoyi da ciyawa suna shan ta su gina jikinsu. Ƙasa kuma, da saiwoyi da ruɓaɓɓen ganye da ƙananan halittun da ke cikinta, tana mayar da ita sama. Tambayar malamina, wani Farfesa mai ƙarancin magana da yawan jan biro, ita ce: duk faɗin dajin nan namu na tsakiyar Arewa, shan iskar ya fi yawa ko fitarwa? Ba wanda zai iya auna kowace bishiya. Don haka aka zana taswira aka yanka ta gida-gida, a wasu gidajen aka zaɓi ɗan fili guda, abin da aka auna a ɗan filin nan shi za a ɗauka a matsayin halin duk ƙasar da ke kewaye da shi. Kamar dai yadda mace ke ɗanɗana cokali ɗaya ta san gishirin tukunya.

Nawa filin ya faɗo a kudu da gari, bayan an wuce Kakuri gidaje sun ƙare, kusa da wani ƙauyen Gbagyi. Mai unguwarsu ya ba mu izini bayan an kai gaisuwa. Daji ne na doka da kaɗanya da 'yan ɗorawa, da wani rafi a gangare. Matsalar ita ce jami'ar tana wani gari, sikelin da nake awo da shi yana can, darussan da nake koyarwa don in riƙe kaina su ma suna can. Ina bukatar wanda zai riƙa zuwa filin a kai a kai. Farfesa ya ce in nemi mutum mai gaskiya wanda ya iya rubuta lamba. Ban ko yi dogon tunani ba.

Na sami Baba a zaure na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, aiki na kawo maka, amma ban sani ba ko za ka iya."

Da gangan na faɗi haka, don na san shi. Ya rage muryar rediyo ya dube ni ta saman tabarau.

"Wane irin aiki ne a duniyar nan da ke za ki iya, ni in kasa?"

"Awon numfashin ƙasa."

"Ikon Allah. Ƙasar ma asma gare ta?"

Mama ta tuntsire da dariya daga tsakar gida. Rabon da in ji ya yi ba'a har na manta.

A makon da aka rantsar da sabuwar gwamnati muka kafa filin, ruwan farko ya riga ya sauka, ko'ina na ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Gari ya cika da hotunan 'yan siyasa har a katangar masaƙa, motoci na ta hon, mu kuwa muka ratsa su da bokitai goma sha biyu ɗaure a bayan keke kamar masu zuwa talla. Baba ya sa kakinsa da aka goge. Muka kafa turaku a kusurwa huɗu, muka buga wa kowace bishiya lamba a jikin ɗan gwangwani, muka zana mata jan fenti daidai ƙirji, wurin da za a riƙa zagaya tef ɗin awo don a ga ƙibar da ta ƙara. Muka rataye kwanduna don tare ganyen da ke zubowa. Sannan na nuna masa aikin bokiti. Akwai wasu fararen ƙwayoyi da nake kawowa a rufe cikin gwangwani, masu zuƙe iskar kabon. Za a buɗe gwangwanin a ajiye a ƙasa, a kifa bokiti a kai, a danna bakinsa cikin ƙasa. Washegari a daidai lokacin a ɗaga, a rufe gwangwanin ruf. Idan na kai sikeli, nauyin da ya ƙaru shi ne numfashin da ƙasar ta yi.

Sau ɗaya na nuna masa. Na biyu shi ya gyara min, wai ban danna bokitin daidai ba, iska za ta shiga ta gefe. Na gaya masa lokutan zuwa, na gaya masa yadda ake rubuta lamba a takardun da na buga masa. Na gaya masa komai, ban da abu ɗaya da na ɗauka kowa ya sani. Da za mu tafi na ce, "Baba, ga fili nan, amana." Ya ce, "Na karɓa."

Daminar nan ita ce nake kewa fiye da kowane lokaci a rayuwata. Duk bayan mako biyu nakan shigo motar haya in sauka a Kakuri, in taka zuwa gida. Tun daga bakin layi nake hango kekensa a jingine, taya duk jan laka. Gwangwanayen na jere a kan taga bisa lambarsu, takardu a cikin leda, rubutunsa tsaf kamar na injin buga takarda. Ya yi baƙi, ya yi ƙiba, yana cin tuwo har da neman ƙari. Ya san bishiyoyin ɗaya bayan ɗaya. Yakan ce lamba bakwai malalaciya ce, wata uku ba ta ƙara ko ƙwayar gero ba, lamba ashirin da ɗaya kuwa ci gare ta kamar ɗan dako. A majalisar ƙofar masallaci, inda tsofaffin abokan aikinsa ke zaman jiran ranar da za a kira su, ya zama malami. Na taɓa jin sa yana yi wa wani abokinsa, mutumin kudancin Kaduna da suka yi shif tare shekaru, bayani da Hausa da Turancin buroka a cakuɗe, wai hayaƙin da suka yi shekara ashirin suna turawa sama, yanzu shi aka sa ya binciko inda ya shiga. Abokin ya ce to idan ya gano ya tambayo musu ko akwai aiki a can.

Kowane zuwa sai ya tambaye ni, "Uwata, yaya nauyi?" In ce, "Nauyi ya yi kyau, Baba." Sai ya gyaɗa kai irin na wanda injinsa bai taɓa tsayawa ba. A masaƙa, lamba idan ta yi sama alheri ce, idan ta faɗi wani zai sha tambaya a ofishin manaja. Da wannan ya rayu, ni kuma ban taɓa kawo haka a raina ba.

Da farko nakan bi shi filin duk zuwa. Daga baya aiki ya yi min yawa, na ga kuma ya fi ni iyawa, sai na koma karɓar gwangwani a gida in juya. Wannan lalacina ne, ba na kowa ba.

Ruwa ya ɗauke, kaka ta wuce, ƙasa ta bushe. Nauyin gwangwanaye ya faɗi warwas, wanda haka ya kamata, domin busasshiyar ƙasa ba ta cika numfashi ba. Amma ranar da ya tambaye ni na dawo a gajiye, mota ta lalace mana a hanya, Farfesa kuma ya cika min babi guda da jan biro. Na ce, "Kai, Baba, bar shi kawai. Lambobin nan sun zube, kamar ƙasar ta mutu. Ban san me zan rubuta ba." Na shige ɗaki na kwanta. Ko minti biyar maganar ba ta yi a kaina ba. Shi kuwa ashe ta zauna masa.

Bayan wata guda lambobin suka fara tashi. Ba duka ba, wasu gwangwanayen sun fi wasu nauyi sosai, amma ƙasa dama haka take, nan da can ba ɗaya ba ne. Ni kuwa abin da nake so shi ne lamba ɗaya da zan ɗora a gidan taswira, don haka nakan haɗa su duka in raba, in wuce. Har daɗi na ji. Na fara raya wa kaina cewa na gano wani abu da ba wanda ya sani, wai dajin kudu da Kaduna yana numfashi da rani fiye da sauran. Na kai wa Farfesa ina ta rawar kai. Ya jera lambobina kusa da na sauran filaye, ya daɗe yana kallo, sannan ya cire tabarau.

"Yaushe rabonki da filin nan?"

Na fara ƙirga watanni a raina, ya ci gaba.

"Ki je ki gani da idonki, kafin mu gaya wa duniya cewa ana ruwan sama a wuri ɗaya tak a watan nan."

Ban biya gida ba. Daga tasha na hau ɗan acaɓa har inda hanya ta ƙare, na ƙarasa da ƙafa. Ƙarshen rani ne, zafi kamar a gasa gurasa. Duk dajin an ƙone shi kamar yadda ake yi kowace shekara, ƙasa baƙa ƙirin, toka na tashi a sawuna, kututture ko'ina inda aka sari itace, kashin shanu a warwatse. Sai na hango filina. Wallahi da farko na ɗauka ɓata na yi, na faɗo lambun wani. An share hanya mai faɗi kewaye da shi yadda wuta ba za ta tsallaka ba. An yi shinge da ƙaya. A ciki ciyawa na nan tsaye ba ta ƙone ba, ba reshe ɗaya da aka sara, an tara busasshen ganye a gindin ƙananan bishiyoyi an zuba musu taki. Kewaye da wasu bokitan ƙasa a jiƙe take, har wani ɗan kore-kore ya fito.

Wata mata 'yar ƙauyen ta taho da itace a kafaɗa, ta tsaya tana kallona.

"Ke ce 'yar Baba mai bokiti?"

Na ce ni ce.

"Babanki mutumin kirki ne, amma ya hana mu sakat. Itace a'a, ganye a'a. Fulani sun zo da shanu, ya bi su da magiya har suka juya. Ranar da aka sa wuta, shi kaɗai ya tsaya da ɗanyen reshe yana bugu, sai da mazanmu suka ji kunya suka taya shi. Kullum sai ya sauka rafi ya ɗebo ruwa. Mun ce Baba, daji ake ba ruwa? Ya ce na 'yarsa ne, na makaranta."

Ta wuce abinta. Na tsaya a wurin ina kallon filin. Abin da ya sa filin nan ke da amfani shi ne ya zama kamar kowane daji: a ƙone shi idan ana ƙonawa, a sare shi idan ana sara, shanu su taka shi, ya bushe idan an bushe. Cokalin da zan ɗanɗana ne aka ƙara wa gishiri shi kaɗai. Wata tara na aiki, da duk gidan taswirar da filin ke wakilta, sun tashi a banza.

Ina nan tsaye sai na ji ƙarar keke. Ya taho daga gangaren rafi yana tura shi, don hawan ya fi ƙarfin a tuƙa, jarka biyu ɗaure a baya, ruwa na ɗiga. Kakinsa ya jiƙe sharkaf da gumi. Da ya gan ni fuskarsa ta washe gaba ɗaya, irin murnar wanda aka kama yana aikin alheri.

"A'a, Uwata! Saukar yaushe? Da kin faɗa ai da na..."

Ban bari ya ƙarasa ba. A garinmu ko baƙo ka tarar yana aiki, kafin komai sai ka ce masa sannu da aiki. Ni ban ce ba. Ban durƙusa ba, ban gaishe shi ba, ban karɓi keken ba. Zuciya ta ɗebe ni na ce, "Baba, me ka yi haka? Wa ya ce ka ba shi ruwa? Wa ya sa ka? Ka ɓata min aiki! Gaba ɗaya ka ɓata shi!"

Ya tsaya riƙe da keken. Murnar ba ta bar fuskarsa lokaci ɗaya ba, a hankali ta riƙa janyewa, kuma wannan ne abin da har yau nake gani.

"Kin ce ƙasar ta mutu," ya ce.

"To ina ruwanka idan ta mutu? Mutuwar nake son in auna!"

"Amana kika ce. Ni ban san ana ba mutum amana don ya zuba ido ta lalace ba."

Ya jingine keken a jikin wata doka, ya sa hannu a aljihun gaban rigarsa, ya fara zaro wani abu. "Amma tsaya ki ga, ai duk na..."

"Ba abin da zan gani, Baba. Na ga abin da zan gani."

Ya mayar da hannunsa. Ya kwance jarkokin ya ajiye a ƙasa, bai zuba ba, bai zubar ba. Ya ciro tef ɗin awo daga aljihun wando ya miƙo min da hannu biyu, kamar yadda ake mayar da kayan aiki a sito. Muka dawo gida yana gaba yana tura keke ina baya har Makera.

Farfesa bai yi faɗa ba. Ya ce laifin wanda bai yi bayani ba ne, ya ja layi a kan filina. A taswirar da aka fitar daga baya, gurbin filinmu na kudu da Kaduna an cike shi da ƙiyasi daga filayen maƙwabta. Ni kuma aka ba ni wani fili a wani wuri, aka ɗauki wani mutum da ke zuwa ya kifa bokiti ya tafi, ko wuta ta cinye dajin bai dame shi ba. Aikinsa ya yi daidai. Na ƙara shekara guda na gama.

Baba ya koma tabarma. Bai yi fushi da ni ba, kuma wannan ya fi min ciwo. Idan na zo yakan amsa gaisuwata da sakin fuska, ya tambayi hanya, ya tambayi Farfesa, ya sa min albarka. Amma bai sake cewa yaya nauyi ba. Mama ta ja ni gefe sau biyu ta ce, "Ki je ki ba mahaifinki haƙuri, ke kin san abin da kika yi." Na ce zan je. Nakan shirya maganar a mota tun daga jami'a, in iso zaure in durƙusa, in ga ya rage rediyo yana jirana, sai girman kai da kunya su haɗu su hana ni, in ɓige da zancen tsadar mota. Wani ɓangare na zuciyata kuma yana ta ce min ai ni ce da gaskiya. Da gaskiyar tawa, ta fuskar awo. Na riƙe ta kuwa gam, ban ga abin da ta tsinana min ba.

Injinan saƙa ba su dawo ba. Jiniya ta yi ta raguwa har aka wayi gari babu ita. Gari ya shiga wani hali na rikici, mutane suka yi ta ƙaura, kowa na neman inda nasa suka fi yawa, mu ma muka tsallaka kogi muka bar gidan Makera. Abokinsa na shif ya zauna a can kudu, ziyara ta koma sai an shirya. Baba bai daɗe a sabon gidan ba. Ciwon kwana kaɗan ya yi, ina wurin aiki a wani gari aka kira ni, kafin in iso an kai shi.

Bayan an share makoki, Mama tana rabon kayansa ta kira ni ɗaki. Kakin nan ne a hannunta, a goge, a ninke. Ta ce ta ji abu a aljihun gaba. Ɗan littafi ne irin na 'yan makaranta, an naɗe shi biyu, gumi ya rina bangonsa.

Ba takardun da na buga masa ba ne, waɗannan ba su da gurbin irin abin da ya rubuta. Nasa ne na kansa, irin na ɗakin boila. Kowace rana da kwanan wata da lokaci. Ranar da ya share hanyar wuta, da faɗinta taku nawa. Ranar da shanu suka zo, da inda suka tsaya. Bishiyoyin da ya zuba wa taki, kowace da lambarta. Sai ruwa: bokiti lamba kaza, moɗa kaza, ƙarfe kaza. A shafin da ya fara ba da ruwa ya rubuta cewa jarka biyu ba ta isa duka ba, don haka shida zai riƙa ba, shida ya bari, kuma kullum su ɗin dai, don kada lissafi ya rikice wa Uwata.

Na zauna a bakin gado. Duk wanda ya yi irin aikina ya san abin da ke hannuna. Shida an shayar, shida an bari, a fili ɗaya, rana ɗaya, an rubuta komai. Filin ba zai koma taswira ba, wannan ya wuce. Amma da na karɓi littafin nan a ranar, da na ware lambobin gida biyu, da na sami amsar wata tambaya da muke ta fama da ita, wato yadda numfashin ƙasar nan ke tashi idan ta sami ruwa bayan dogon fari. Da babi guda ne mai kyau, da na sa masa godiya a shafin farko, da ya kai majalisar masallaci ya nuna. Abin da yake zarowa daga aljihu ke nan lokacin da na ce ba abin da zan gani.

Na buɗe shafi na ƙarshe da ya yi rubutu. Layi biyu ne. "Uwata ta zo fili. Ruwa: ban ba ba." Daga nan sauran shafukan farare ne.

Yanzu aikin ya canza. Taurarin ɗan'adam ke ɗauko hoton ƙasa daga sama, kwamfuta ta haɗa da abin da aka auna a filaye, kafin ka sha shayi ta ba ka ƙiyasin yanki guda. Ina koyar da wannan, kuma ɗalibaina sun san ni da faɗa. Amma sun san abu ɗaya: duk wanda ya ce min mai kula da filinsa ya yi kuskure, ba na sauraronsa sai ya koma ya zauna da mutumin, ya tambaye shi me ya yi, don me, kuma ko ya rubuta. Wani lokaci idan ofis ya yi shiru nakan jawo hoton kudu da Kakuri in yi ta matsowa. Gari ya cinye wurin, rufin kwano ne ko'ina, rafin ma da ƙyar ake gane shi. Akwai 'yan bishiyoyi a bayan wani gida da nake ce wa kaina ko lamba ashirin da ɗaya na cikinsu. Ban sani ba, kuma ban taɓa samun ƙarfin zuciyar zuwa in duba ba.

Ba taswirar nake kewa ba, ba kuma babin da ban rubuta ba. Hawan nan nake kewa, daga rafi zuwa fili, da ƙarar keke, da ruwa na ɗiga a kan toka. Sau da yawa nakan mayar da kaina wurin. Ina tsaye a bakin shinge, ya taho yana turi, ya ɗago ya gan ni, fuskarsa ta washe. A wannan karon sai in taka da sauri in riƙe masa keken, in durƙusa a cikin tokar nan, in ce, "Baba, sannu da aiki." Abin da ya rage duk ma iya yin sa daga baya.